Takardar Ƙanena: Daga Bronks Zuwa Atlanta

Shekara goma sha takwas ƙanena ya yi a Amurka bai taɓa matsa mini lamba in zo ba, sai a daminar 2024. Ya kira ni da dare, muryarsa cike da fara'a, ya ce, "Yaya, takarda ta fito." Na ce wace takarda kuma, ba ka daɗe da zama ɗan ƙasa ba? Ya ce ai wannan daban ce, takarda ce mai shaida cewa shi baƙar fata ne, kuma kamfanin share ofisoshi da yake gudanarwa nasa ne. Na yi dariya har sai da uwargida ta leƙo. Na ce, "Kai yanzu madubi bai ishe ka ba, sai an buga maka hatimi?" Ya ce in zo in gani da idona. Akwai babban taron masu irin wannan takarda a Atlanta cikin watan Oktoba, za mu bi ta ƙasa tun daga Niyok, kuma komai yana wuyansa. To, gani ya kori ji.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano lokacin da ake ta ɗaurin gero a ƙauyuka. Hajiyarmu ta cika mini jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Kilishi kam sai na bar wa yara, don an gargaɗe ni cewa nama ba ya shiga Amurka ko da na kabarin waliyyi ne. Muka yada zango a Alƙahira, daga nan muka yi sama da awa goma sha ɗaya muna keta teku. Na sauka agogona yana gaba da nasu da awa biyar, ga wani sanyi mai shiga ƙashi wanda su a wurinsu ko rigar sanyi bai kai a sa masa ba. Ƙanena ya rungume ni, na ga furfura a gemunsa, na tuna da yaron da muka raka tasha yana riƙe da jaka ɗaya.

Gidansa yana hawa na biyar a Bronks, ɗaki biyu da falo, hayarsa dala 2,200 duk wata. Dala a lokacin tana wajen naira 1,600, sai na lissafa na ga kuɗin wata ɗaya zai kama wa mutum gida na shekara guda a unguwa mai kyau a Kano. Yaran suka bar mini ɗakinsu suka koma falo, "Baffa" kawai suke iya faɗa da Hausa mai kyau. Maiɗakinsa ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa kukar Hajiya, har maƙwabta aka aika wa. Ranar Juma'a a masallacin unguwa na ji Hausa ta ko'ina. Mafi yawa 'yan Zangon Gana ne, na Nima da Kumasi, masu ce wa mace "ya zo", sai 'yan Nijar, sai mu 'yan ƙalilan. Bayan salla aka ja ni wani ɗan kanti muka ci shinkafa da wake irin tasu mai ja, faranti dala 15. Goro ɗaya dala biyu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa a lokacin dala 2.90 ne ko'ina za ka a cikin gari. Na ce wa ƙanena ƙasar nan cin kuɗi take yi da baki biyu. Ya ce haka ne, amma mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a Niyok a shekarar dala 16 ne a awa. Awa uku ke nan ta haura naira 70,000 da aka sa wa hannu a gida a shekarar a matsayin mafi ƙarancin albashin wata.

Washegari ya kai ni ofishinsa, wani ɗan ɗaki a bayan shagon wanki, cike da injinan goge daɓe da jarkokin sabulu. Ma'aikatansa goma sha huɗu ne, suna fita da dare su share ofisoshi da wuraren shan magani. Ya jawo wani ƙullin fayil mai kauri kamar littafin ƙamus ya ajiye a gabana. Ga fasfo, ga takardar zama ɗan ƙasa, ga takardun haraji na shekaru, ga rajistar kamfani, ga yarjejeniyar hayar ofis, ga katin banki mai nuna wanda yake da ikon sa hannu a cak, ga rasiɗin kuɗin da ya fara zubawa. Takardu biyu ya samu da wannan fayil. Ta farko ta hukumar birnin Niyok ce, kyauta ake ba da ita, tana amfani wajen kwangilar birni. Jihar Niyok ma tana da tata, kuma burinta shi ne kashi 30 cikin 100 na kwangilolinta su je hannun tsiraru da mata. Ta biyu, wadda ya kira ni a kanta, ta wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ake kira NMSDC, wadda aka kafa a Shikago a 1972. Ita biya ake yi, kuma duk shekara sai an sabunta. Manyan kamfanoni ne ke duba jerin sunayenta idan suna neman mai kawo musu kaya ko yi musu aiki. Sharaɗinta a lokacin shi ne mutum ya kasance ɗan ƙasa, kuma baƙar fata, ko ɗan asalin Asiya, ko Latino, ko ɗan ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, aƙalla ta wajen kaka ɗaya cikin huɗu. Sannan kashi 51 cikin 100 na kamfanin ya zama nasa, kuma shi ke juya shi yau da gobe.

Na ce to ai launin fata ba ya ɓuya. Ya ce, "Yaya, ba fatata suka zo dubawa ba, mabuɗi suka zo dubawa." Wata mata ce aka turo. Ta iso kafin lokacin da aka yi da ita, ta tsaya tana kallo ya buɗe ofis da mabuɗinsa. Ta tambaye shi nawa yake sayen jarkar sabulun daɓe, a wurin wa, kuma me ya sa ya bar wanda yake saya a wurinsa da. Ta tambaye shi ma'aikacin da ya sallama na ƙarshe da dalilin sallamar. Ta ja wani yaronsa gefe ta ce wa ke biyanka, wa ke ba ka izinin hutu. Duk tambayoyin nan abu ɗaya suke nema, wato ko akwai wani mai kuɗi a bayan labule da ya ari fuskar baƙar fata don ya ci rabon da ba nasa ba.

Nan na daina dariya, don na san wannan ciwo. A 1972 ɗin nan dai, gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa. Duk wanda ya girma a Kano ya ji labarin kamfanonin da aka wayi gari direban maigida ko abokin shan shayinsa ya zama "ciyaman", alhali ko ɗakin ajiya ba a ba shi mabuɗi ba. Har yau a harabar otal-otal na Abuja ana cinikin takardar kwangila kamar buhun masara, wanda ya samo ya karɓi kashinsa ya kama gabansa. Muna da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, muna da jerin takardu ba iyaka, amma ban taɓa jin an zo an tsaya ana kallon ɗan kwangila yana buɗe ofishinsa ba.

Su ma ba haka kawai suka koyi wannan bincike ba, wuta ce ta ƙona su, kuma a Bronks ɗin ta tashi. A shekarun 1980 akwai wani kamfani mai suna Wedtech, wanda John Mariotta, ɗan asalin Puerto Rico, ya kafa. Ya samu kwangilolin soja na miliyoyin daloli ba tare da takara ba, a matsayin kamfanin tsiraru. Daga baya rinjayen hannun jari ya fita daga hannunsa, aka haɗa takardun bogi don a nuna yana nan, aka yi ta rabon toshiyar baki. Kamfanin ya rushe a 1986, kuma a 1988 kotu ta samu ɗan majalisar tarayya Mario Biaggi da laifi, ya sauka daga kujerarsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara, ko a wace nahiya.

Muka kama jirgin ƙasa na Amtrak zuwa Washinton, tafiyar awa uku da rabi ta Filadelfiya da Baltimo. Bishiyoyi sun fara rina ganyensu ja da rawaya. Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne kuɗin tikiti ba ɗaya ba ne. Ƙanena ya sayi namu tun wata guda da ya wuce, matar da ke kusa da ni kuwa da safen nan ta saya, ta biya fiye da ninki biyu. A tashar Unguwa Uku da haka ta faru da an naɗe hannun riga. Muka sauka a wani ƙaramin otal, kwana ɗaya dala 190, ban da haraji. A gidan abinci kuma bayan ka biya sai ka ƙara wa mai kawo abinci kusan kashi 20 cikin 100, ba don ya roƙa ba, don albashinsa ke nan. Abin da ya wanke mini zuciya shi ne gidajen tarihi. Kyauta ake shiga, har da katafaren gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016, inda ake fara kallo daga can ƙarƙashin ƙasa, cikin duhun jiragen bayi, ana haurowa sama zamani bayan zamani.

Ƙanena yana da ganawa da wani mai ba da shawara kan kwangilar gwamnatin tarayya, na raka shi na zauna gefe. Gwamnatin Amurka tana kashe sama da dala biliyan 700 a shekara wajen kwangila. Doka ta ce a yi ƙoƙari kashi 23 cikin 100 ya je ga ƙananan kamfanoni, kashi 5 kuma ga ƙananan kamfanonin waɗanda aka danne. Hukumar SBA, da aka kafa a 1953, ita ke kula da wannan, kuma a lissafinta na 2023 ƙananan kamfanoni sun samu kimanin dala biliyan 178, na dannannu kuma kimanin biliyan 76. Shirin da kowa ke hari shi ne wanda ake kira 8a, sunan sashen dokar da ya haife shi. Shekara tara ake yi a ciki, sau ɗaya tak a rayuwa, kuma a lokacin ana iya ba ka aikin da ya kai dala miliyan 4.5 ba tare da takara ba. Amma mai ƙoshi ba ya shiga: dukiyarka ta kanka kada ta wuce dala 850,000, kuɗin shigarka na shekara kada ya wuce 400,000.

Da can, duk baƙar fata ana ɗauka an danne shi sai dai in an kawo hujjar akasin haka. A watan Yulin 2023 wani alƙalin tarayya a jihar Tenesi ya soke wannan, a ƙarar da kamfanin Ultima na wata Baturiya ya shigar. Daga nan sai aka ce kowa ya rubuta labarin wariyar da aka nuna masa: yaushe, a ina, wa ya yi, me ya jawo masa. Na lura ƙanena ya yi shiru. Da muka fito na ce me ya faru. Ya ce, "Yaya, yadda aka rene mu, namiji ba ya zama ya lissafa wulaƙancin da aka yi masa, balle ya sa hannu a ƙasa." Na san yana da abin rubutawa, don ya taɓa gaya mini yadda aka yi ta yaba farashinsa ta waya, da ya bayyana a ƙofa aka ce an riga an ba wani. Amma kunya ta bi shi har Washinton.

Daga nan sai Richmond, babban birnin Bajiniya, tafiyar awa biyu da wani abu. Nan ne hedikwatar jihohin Kudu da suka yi yaƙi don kada a 'yanta bayi, kuma a gangaren Shockoe akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na ƙasar. Mutum-mutumin Janar Robert Lee, jagoran sojojinsu, sai a 2021 aka sauke shi. Muka je unguwar Jackson Ward, gidan Maggie Walker, wadda a 1903 ta kafa bankin St. Luke, mace baƙar fata ta farko da ta yi rajistar banki a Amurka. Da kwabo-kwabo na masu wankau da 'yan aikin gida ta tara jarin, har yara take raba wa ƙananan asusu. Na tsaya ina kallon kujerarta mai taya, na tuna da uwar adashin unguwarmu.

A garin nan ne kuma aka yi shari'ar da har yau take juya wannan harka, kuma a kan masai aka yi ta. A 1983 hukumar birni ta lura rabin mutanen gari baƙaƙe ne, amma a shekara biyar kamfanonin tsiraru ko kashi ɗaya cikin 100 na manyan kwangilolin gini ba su samu ba. Sai ta ce duk wanda aka ba aiki ya yanka wa tsiraru kashi 30. Wani kamfani mai suna Croson ya nemi aikin sa masai a gidan yarin birni, bai cika sharaɗin ba, aka janye aikin, ya kai ƙara. A 1989 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai shida da uku. Ta ce ba ya isa a ce an yi zalunci a tarihi, sai an nuna shi da hujja a wannan gari, a wannan sana'a. Tun daga nan birane suke biyan masana su yi musu ƙidayar gibin da ke tsakanin kamfanonin da ke akwai da waɗanda ake ba aiki.

Mun sauka a gidan wata dattijuwa baƙar fata mai ba da hayar ɗakunan sama, dala 110 har da karin kumallo. Da ta ji ba ma cin alade, sai ta sake tukunya ta dafa mana ganye da naman talotalo, ta haɗa da farin wake mai baƙin hanci da soyayyar kuɓewa da burodin masara. Na ce mata wannan ai abincin gidanmu ne. Ta ce ta sani, da kakanninta ya hau jirgi. Mahaifinta birkila ne, ya yi shekara arba'in yana gina wa mutane, bai taɓa samun aikin gwamnati da sunansa ba. Da ƙanena ya ba ta labarin takardarsa, ta dube shi ta saman tabarau ta ce ta yi masa murna, amma ya riƙa tunawa wasu ne suka sha duka da cizon karnuka kafin a buga takardar, shi kuwa jiya ya sauka daga jirgi. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana zuba masa shayi take magana. Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Mama." Da za mu tafi na ba ta ƙullin yaji, ta ƙi karɓar kuɗin wankin kayanmu.

Jirgin da ake kira Carolinian ya kai mu Greensboro da dare. Ban taɓa zaton zan ji Zabarmanci da Hausar Maraɗi a tsakiyar Karolaina ta Arewa ba, ashe garin matattarar 'yan Nijar ne. Wani abokin ƙanena tun zamanin tuƙin tasi ya tarbe mu, ya ce otal haram ne gare mu. Aka kawo fura da nono a ƙwarya ta gaske, aka dafa dambun zogale, aka ɗora shayi a baranda har ƙarfe ɗaya. Da safe ya kai mu tsohon kantin Woolworth, inda ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a teburin da aka keɓe wa Turawa suka nemi kofi, aka hana su, suka ƙi tashi. Kujerun suna nan a jere, an mayar da wurin gidan tarihi.

Mai masaukinmu yana da manyan motoci uku, kuma ya taɓa riƙe takardar masu aikin hanya, wadda ma'aikatar sufuri ke gudanarwa tun 1983 da burin kashi 10 cikin 100 na kwangila ya je ga dannannu. Shi ne ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Ya ce, "Malam, samun aiki ba shi ne wahala ba, ɗaukarsa." Za a ce ka kawo inshorar dala miliyan ɗaya kafin ka tayar da mota. Za ka yi aiki a biya ka bayan kwana 60, wani lokaci 90, direbobi kuwa duk sati biyu suke karɓa, mai kuma kullum. Banki zai ba ka rance, amma da ruwa, shi kuma ya rantse ba zai ci ba. Abin da ya cece shi adashi ne, mutum ashirin, kowa dala 1,000 a wata. Ya ce ya ga mutanen da babbar kwangila ta karya, waɗanda da sun tsaya a ƙarama da har yau suna nan. Ya ƙara da cewa ko wata guda ba a yi ba da wani alƙali a Kentaki ya taka wa shirin nasu burki, kowa yana jiran ya ga abin da zaɓen Nuwamba zai haifar.

Shi ya tuƙa mu zuwa Atlanta a kan babbar hanya mai lamba 85, sama da kilomita 500, awa biyar. Ba shinge, ba "Oga, me ka kawo mana", ba rami ko ɗaya da zan iya tunawa. Galan na fetur, wato kusan lita huɗu, wajen dala 3 ne, lita ta kama kimanin naira 1,300, a watan da lita ta haura naira 1,000 a gida. Mun tsaya karin kumallo a gidan abinci na Waffle House, aka kawo mini wani farin abu da suke ji da shi a Kudu. Na ɗanɗana na ce wannan ai faten tsaki ne aka manta ba a sa ganye da manja ba.

Atlanta ita ce Makkar wannan harka. A titin Auburn aka haifi Martin Luther King a 1929, kuma a titin ne Alonzo Herndon, wanda aka haifa bawa ya zama wanzami, ya girka kamfanin inshorar da ya kafa a 1905. Amma wanda aka fi ambata a bakin 'yan kwangila shi ne Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin gari, wanda aka zaɓa a 1973. Ya tarar kamfanonin baƙaƙe ko kashi ɗaya cikin 100 na aikin birni ba sa samu. Da aka zo gina sabon filin jirgi, ya kafe sai an ba su kashi 25, in ba haka ba a fasa. Manyan gari suka yi ca a kansa, bai janye ba, aka yi aikin, aka buɗe a 1980. Kamfanin gini na Herman Russell na cikin waɗanda suka ƙara girma a wannan zamani. Yau filin jirgin yana ɗauke da sunan Jackson, kuma fasinja sama da miliyan 100 suka bi ta cikinsa a 2023, babu kamarsa a duniya. Abin lura shi ne Russell ya fara ne da aikin shafe tun shekarun 1950. Da damar ta zo, ta same shi da cokalin gini a hannu.

Taron kansa ba zan cika ku da shi ba. Jawabai ne da tafi da kwat-kwat da katin suna a wuya, a wani zauren da zai haɗiye kasuwar Kantin Kwari. Abin da na tsaya kallo shi ne wajen haɗa mai saye da mai sayarwa. Tebura ne a jere, kowane da wakilin babban kamfani, ana ba ka 'yan mintoci, lokaci na cika a ce na gaba. Ƙanena ya shiga da takarda shafi ɗaya mai bayanin abin da ya iya. Na hango shi ya miƙa satifiket ɗinsa, matar ko kallo ba ta yi masa ba, don duk wanda ke layin yana da shi. Ta tambaye shi gini nawa yake sharewa, ma'aikaci nawa zai iya ƙarawa cikin wata ɗaya, wa zai kira ya ba da shaidarsa, me yake yi idan ma'aikaci bai zo ba ƙarfe biyun dare. Ya ce shi yake ɗaukar tsintsiya. Ta rubuta wani abu. Ya ga mutum shida, bai fito da kwangila ko ɗaya ba, sai kati shida da alkawarin waya. A jirgin cikin gari, mai dala 2.50, na ce duk wannan tafiya don kati shida? Ya ce, "Yaya, takardar nan sallama ce a ƙofar gida. Za a amsa maka, amma ba ita ke sa a yi maka shimfiɗa ba."

Na taso daga filin jirgin Jackson kai tsaye zuwa Legas, ina kallon daɓen da ke ƙyalli ina tunanin wanda ya goge shi da dare. Ban daɗe da dawowa ba abubuwa suka fara juyawa. A Nuwamba kamfanin Walmart ya ce ya daina duba launi ko jinsi wajen zaɓen masu kawo masa kaya. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin rushe shirye-shiryen fifita tsiraru a gwamnatin tarayya, burin kashi 15 na kwangila ga kamfanonin dannannu da gwamnatin Biden ta ɗora ya koma kashi 5 na doka. A Oktoban 2025 ma'aikatar sufuri ta cire launi da jinsi daga ma'auninta, ta ce kowa ya sake kawo hujjarsa.

Na kira ƙanena ina jajanta masa. Ya ce cikin kati shida mutum ɗaya ne ya kira, bayan wata biyar, aka ba shi gini ɗaya na gwaji, yanzu sun zama uku. Wasu da ya sani, waɗanda takardar ce kaɗai jarinsu, sun rufe. Shi kuwa fayil ɗin nan mai kauri ya tilasta masa gyara lissafinsa, ya raba aljihunsa da na kamfani, ya san kuɗin kowace jarka, kuma wannan ba shugaban da zai soke shi da biro. Na ce ashe dai ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ya yi dariya ya ce in gaida Hajiya, in ce mata kuka ta ƙare, sannan ya ce zai ajiye waya, ƙarfe goman dare ta yi a wurinsu, wani yaronsa bai zo aiki ba.